Gobir gidan faɗa: abin da ke bayan kirarin

 Ina neman gafarar manya tun da fari, don abin da zan taɓa naku ne, bakinku munka ji shi. In na yi kure, yaro ne ya yi, sai a gyara mani.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ƙarami ne. Lokacin babban hutun lakkwal na sauka Yamai wurin wani ƙanen babana. Da dare muna zaune ƙofar gida, sai maƙwabcinshi, wani tsoho Bazabarme, ya fito ya ga baƙo. Ya dubi fuskata ya ga aska, ya ce: "A'a, an ƙaro mana wani? Ku ɓoye sanduna, Gobir gidan faɗa ta iso." Munka yi dariya, baba ya rama mashi yadda ya kamata, don kun san tsakanin Bagobiri da Bazabarme wasa ne tun kakanni. Amma ɗan baba, yaro ɗan shekara 14 da anka haifa can, bai yi dariya ba. Da tsohon ya shiga gida, ya tambaye ni, rabi da Hausa rabi da Faransanci, wai don mi ake ce mana masu faɗa, kuma don mi muke jin daɗi in an faɗa. Shi ga ganinshi zagi ne. Na ba shi gajeriyar amsa daren nan. Ba ta gamshe shi ba, ni ma ba ta gamshe ni ba. To, ga doguwar.

Mu fara da kalmar ita kanta. In an rubuta ta babu lanƙwasa bisa harafin ɗ, kamar yadda mafi yawa ke yi cikin salula, sai ta koma fada, wato gidan sarki. Na taɓa jin wani mai ilimi na cewa ai asalin kirarin ke nan, gidan sarauta, mutane ne sunka karkata shi. Kyakkyawar niyya gare shi, so yake ya wanke mu. Amma kunnen Bagobiri ya san bambanci. Mu hwaɗa muke cewa, kuma maroƙi in ya ɗaga murya gaban sarki ya faɗi wannan kirari, ba zaure da dogarai yake nufi ba. Yaƙi yake nufi.

Kowace ƙasa abin da ta dogara gare shi take sawa cikin kirarinta. Bakano ya ce maka ko da me ka zo an fi ka, don shina da kasuwa da marina da fatake. Gobir kuwa, cikin ƙasashen Hausa ita ce ta bakin hamada. Tarihi ya nuna kakannin Gobirawa sun zauna Azbin, Abzinawa sunka matsa masu, sunka gangaro kudu sannu-sannu, har sunka yi zama a Birnin Lalle, wanda kufansa ke wajen Dakwaro. Daga nan ma ba su tsaya ba. Arewa ga Abzinawa, yamma ga Adar da Kabi, kudu ga Zamfara da Katsina, kuma babu ɗaya da ba su gwabza da ita ba. Mutanen da ba su daɗe wuri guda sai an zo tashinsu, tilas su koyi riƙon mashi kafin su koyi awo. Wajen 1760 Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara, ya kafa sabon birni a Alƙalawa, bakin Gulbin Rima. An ce gonakin alƙalin Zamfara ne a wurin, shi ya sa sunan. Bayanshi Bawa Jangwarzo ya kai Gobir inda ba ta taɓa kaiwa ba, har yau in an ambaci sunanshi tsofaffi sai su gyara zama.

Ku riƙe wani abu nan, za mu dawo gare shi. Babbar abokiyar gabar Bawa ita ce Katsina. Labarin baka ya ce a yaƙin Ɗankaishi da Katsinawa anka kashe ɗanshi, baƙin cikin haka ya yi ajalinshi, wajen 1790. Ke nan zamanin Bawa, Bagobiri da Bakatsine ba su shan ruwa ƙwarya guda.

Sa'annan sai jihadi. Nan ina so in yi magana a hankali, don wuri ne da harshe ke saurin zamewa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya jiƙan shi, ɗan ƙasar Gobir ne. An haife shi a 1754 a Marata, kusa da Galmi, cikin Nijar ta yau, ya tashi a Ɗegel. Ya sadu da Bawa a Magami lokacin babbar salla, Bawa ya ba shi dukiya ya ƙi karɓa, ya roƙi a bar shi ya yi wa'azi, a saki ƴan kurkuku, a rage wa talakawa haraji, Bawa ya amince. Zamanin Nafata da ɗanshi Yunfa abin ya ɓaci. A 1804 Shehu ya yi hijira zuwa Gudu, cikin wannan shekara anka kori rundunar Yunfa a Tafkin Kwato, ƙarshen shekarar kuma Gobirawa da Abzinawa sunka rama a Tsuntsuwa, inda malamai da mahaddata masu yawa sunka kwanta. Shekara 4 ana yi. A 1808 Alƙalawa ta faɗi, anka kashe Yunfa.

Masu cewa yaƙin Hausa da Fulani ne kawai sun taƙaita. Cikin jama'ar Shehu akwai Hausawa talakawa da haraji ya isa, akwai malamai Hausawa. Malam Abdussalami na Gimbana, wanda kama mutanenshi ya kunna wutar, Ba'are ne. Sarakunan Gobir kuma Musulmi ne, suna da limamai da malamai a fada. Rigimar ta addini ce, ta mulki ce, ta haraji ce, duk a haɗe.

Lokacin da nike koyon aikin mushe, an koya mana wannan darasi da Faransanci, da taswira mai launi guda daga Sakkwato har Adamawa. Darasin ya tsaya ga faɗuwar Alƙalawa. Na rubuta 1808 cikin littafina, na ja layi ƙarƙashi, munka wuce wani babi. Sai da na fara zama wurin tsofaffi na gane cewa inda littafin ya rufe, nan labarinmu ya soma. Gobir ta Babari da Bawa ƙasa ce mai ƙarfi, kuma mai ƙarfi ya yi faɗa ba abin mamaki ba ne. Abin da ya sa kirarin ya zauna daram, a ganina, shi ne abin da Gobirawa sunka yi bayan an ci su, babu birni, babu taska, sarki ya mutu.

Sun ƙi. Sunka watsu gabas da arewa, sunka naɗa wani sarki, anka bi su, sunka sake wuri, sunka naɗa wani. A 1826 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya tara runduna daga ƙasashe da dama ya kai hari Konya, inda Sarkin Gobir ke zaune lokacin. Wani Bature ɗan Ingila, Kilafatan, shina cikin sansanin, ya gani da idonshi ya rubuta. Sunka yini suna faɗa, ba su shiga garin ba, sunka juya. Wannan shekara 18 ke nan bayan an ce Gobir ta ƙare.

Gabas da su, Katsinawa sun sha irin wannan ƙaddara. Wajen 1807 mutanen jihadi sunka karɓe Birnin Katsina. Sarakunan Haɓe sunka ja da baya zuwa Ɗankama, can ma anka ci su, kuma labarin da kowa ya sani shi ne Sarki Magajin Halidu ya faɗa rijiya da ya ga babu mafita. Katsinawa na da nasu kirari: ɗakin kara, kunya gare ku ba tsoro ba. Karar nan ita ce kawaici da ganin girman mutum. Duk sa'ad da na ji rabin kirarin na biyu, rijiyar Ɗankama nike tunawa. Ban ce abin da ya yi daidai ne ba, addini ya hana. Amma mutumin da ya fi tsoron a gan shi ɗaure bisa ga mutuwa, ka san wace irin kunya ake nufi.

Waɗanda sunka tsira sunka naɗa Ɗan Kasawa, sunka yi gudun hijira Damagaram, daga baya sunka dawo wajen Tasawa. Abin da ba a cika faɗi ba shi ne, ba shi ya ci Maraɗi da yaƙi ba. Mutanen fadamar gulbi, manoma da mahalba, su ne sunka gaji da wakilin da sabbin sarakunan Katsina sunka aje masu, sunka tashi wajen 1819 sunka kashe shi, sunka aika wa Ɗan Kasawa ya zo. Taurin kan na talakawa ne kafin ya zama na sarakuna. Ɗan Kasawa ya zauna Maraɗi, amma bai yarda a kira shi Sarkin Maraɗi ba. Sarkin Katsina yake, Maraɗi zango ce kafin a koma gida. Birnin Katsina bai kai kilomita 100 daga nan ba. Yau an haura shekara 200, ba a koma ba, kuma har gobe wanda ke kan gadon Maraɗi Sarkin Katsina ake ce mashi. In akwai magana ta taurin kai da ta fi wagga cikin ƙasar Hausa, ni ban ji ta ba. Haka wanda ke Tsibiri, Sarkin Gobir ne, ba a rage mashi ko harafi ba.

Ga abin da na ce ku riƙe. Jikokin waɗanda sunka kashe juna a Ɗankaishi sunka wayi gari maƙiyinsu guda. A 1836 Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina Rauda sunka haɗa kai da wasu Abzinawa, sunka tari Muhammadu Bello a Gawakuke. Ranar ta yi muni. Anka kashe Ali, anka kashe Rauda, anka kwashe bayi babu iyaka. Wannan shi ne karo na biyu da anka ce Gobir ta ƙare. Ba a daɗe ba Mayaƙi ya tattara sauran Gobirawa, Ɗan Mari da ya gaji Rauda ya ba shi hannu, sunka kafa Tsibiri cikin fadama, tafiyar hantsi daga Maraɗi. Sarakuna biyu, gadaje biyu, kusa da kusa kamar ɗakunan kishiyoyi, amma in an buga tambarin yaƙi tare suke fita. A 1842 Sarkin Musulmi Atiku, ƙanen Bello, ya kawo yaƙi Tsibiri, ya samu rauni, ya rasu a Katuru bisa hanyar komawa. Ɗan Baskore kuwa, da ya yi fiye da shekara 20 kan gadon Maraɗi tsakanin 1850 da 1880, shi ke kai hari, har cikin ƙasar Kano dawakinshi sun shiga.

Hausawa na cewa zomo ba bawan giwa ba ne, dawa sunka tara. Ban san maganar da ta fi dacewa da zaman Tsibiri da Maraɗi gaban Sakkwato ba. Babu mai musun wace ce giwa. Daular Sakkwato ta fi su ƙasa, ta fi su mutane, ta fi su malamai da littattafai. Amma zomon bai taɓa kai gaisuwa ba. Ba mu kaɗai ba ne kuma: Kabawa sun yi haka a Argungu, Zazzagawan Haɓe a Abuja ta dā wadda ake ce ma Suleja yanzu, sarakunan Daura a Zango da Baure.

Ƙin bai tsaya ga fagen yaƙi ba. Sarautun da jihadi ya kawar a kudu, nan anka riƙe su. Tsibiri na da Inna, Maraɗi na da Iya, mata ƴan gidan sarauta masu fada tasu da mutanensu, masu riƙe da sha'anin bori. Malamai sun yi ta magana a kai tun wancan zamani, kuma ba ni ne zan raba wagga gardama ba. Abin da nike nunawa shi ne, wanda ke son ya ga yadda sarautar Hausa take kafin 1804, wajenmu yake zuwa ya duba. Ita ma askar da tsohon Bazabarme ya gani a fuskata, shida gefe guda bakwai gefe guda, shaida ce ta zamanin da sanin naka cikin ƙura da hayaƙi ke raba rai da mutuwa. Yanzu an bar yi wa yara, ban ce a koma ba. Amma wanda ke da ita kada ya sunkuyar da kai cikin Yamai.

To, iyayena, a yi mani haƙuri, zan juya ƙwaryar in duba gindinta. Maroƙa ba su faɗin wannan ɓangare, don ba a ba da kyauta a kanshi.

Wa ya biya kuɗin faɗan? Harin wancan zamani ba soja da soja kaɗai ba ne. A faɗa wa ƙauye da asuba, a ƙone rumbuna, a kore shanu, a kama mata da yara a sayar. Sun yi mana, mun yi masu, kuma waɗanda munka kama Hausawa ne masu salla kamarmu, manoman ƙasar Katsina da Zamfara da ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Tsakanin ɓangarorin biyu ƙasa mai faɗi ta koma daji, garuruwa sunka zama kufai. Baturen Jamus Bart, da ya bi ta Tasawa da Gazawa a 1851 za shi Katsina, ya tarar da Gazawa cikin kafi da gwalalo, ya ratsa dajin da ke kudu da ita cikin tsoro. Kakanninmu sun yi kusan shekara 80 a matse cikin fadama, mutum na noma da baka a rataye, ba ya nisa da kafi. Ku dubi sunayen garuruwan tudu, Gidan wane, Garin wane, Ɗan wane. Mafi yawansu sai bayan an daina hari anka kafa su, lokacin da magidanci ya iya ɗaukar iyalinshi ya shiga daji ya gina rijiya ya sa ma wurin sunanshi. Namu garin cikinsu yake. Ke nan zaman lafiya ya haife mu, ko da yake faɗa ya tsare kakanninmu har sunka kai ga ganinshi.

Abu na biyu ya fi ciwo. Wanda ya saba cewa a'a ga baƙo, wata rana ɗan'uwanshi zai ce ma a'a. Wajen 1860 wani ɗan sarkin Gobir, Ɗan Halima, ya ɓata da ƴan'uwanshi na Tsibiri, ya fita da mutanenshi, ya yi amana da Sakkwato, ya kafa Sabon Birni kusa da kufan Alƙalawa. Daga ranar Gobir ta zama biyu, Bagobiri na harbin Bagobiri. A Maraɗi ma, bayan Ɗan Baskore, naɗi da tuɓewa sunka yi yawa, Ƙaura Hasau ya fi sarakunan ƙarfi, har Sarki Mijinyawa ya bar garin ya koma Tasawa. Abin da rundunar Bello da ta Atiku ba su iya ba, gardamar cikin gida ta yi shi. Da Nasara sunka iso, gida a rabe sunka tarar. A 1899 rundunar Vule da Shanwan ta ƙone Birnin Ƙwanni, ta ratsa ƙasarmu tana kisa da ƙone-ƙone har Koran Kalgo. Abin da ya tsai da su biyun shi ne nasu rikici: sunka kashe Kanar Kulob da anka aiko ya kama su a Ɗankori, kwana kaɗan sojojinsu sunka kashe su wajen Maijirgi. Duk wanda ya taɓa zama taron ƴan gari, ya ga an tashi baram-baram kan wa za ya riƙe asusu, ya san wannan hali bai mutu ba. Ban ambaci kowa ba.

Saura abu guda, wanda yaron Yamai ya fi mamaki da na gaya mashi daga baya. Na ce da shi, katin ɗan ƙasa da ke aljihun babanka, da Faransancin da kake yi mani, kirarin nan na da hannu ciki.

Ga yadda abin yake. A 1890 Faransa da Ingila sunka zauna can Turai sunka ja layi daga Sayi bakin Kwara zuwa Barwa bakin tafkin Cadi, da sharaɗin duk abin da ke na daular Sakkwato Ingila ke da shi. Sai tambaya ta taso: ina daular Sakkwato ta tsaya? A 1898 sunka sake zama, sunka dasa tsinin kamfas bisa Sakkwato sunka zana baka mai nisan mil 100, wato kilomita 160. Da wannan zane, Ƙwanni da Madawa da Tsibiri da Maraɗi duk hannun Ingila sunka faɗa. Faransawa sunka ga an bar masu rairayi, babu hanya mai rijiyoyi daga Kwara zuwa Damagaram, ayarinsu na wahala da ƙishirwa. Sunka nemi a gyara. Hujjar da sunka riƙe ita ce, ƙasashen nan ba su taɓa bin Sakkwato ba, don haka Ingila ba ta da ikon cewa ta gaje su. A 1904 anka yi sabuwar yarjejeniya, wadda ta ambaci ƙasashen Tasawa da Maraɗi da Damagaram da suna, ta ce a bar mutanensu ga Faransa gwargwadon hali. Anka ƙara gyara ta a 1906. Daga 1906 zuwa 1908 ayarin Kaftin Tilho da na Ingilishi sunka bi ƙasa suna kafa alamun iyaka, tafintansu Landerwan na zama da sarakuna da tsofaffi shina tambaya wa ke bin wa, wa ke kai gaisuwa ina, shina rubutawa.

Kada mu ruɗi kanmu. Nasara ba don son mu sunka yi ba, ruwa da hanya suke nema, kuma cinikin ya haɗa da wasu abubuwa can nesa, har da haƙƙin kamun kifi a gaɓar Kanada ta yau da Faransa ta saki. Amma hujjar da sunka kafa da ita, kakanninmu ne sunka saye ta da jini daga Alƙalawa har Tsibiri. Shi ya sa a yankinmu iyaka ta bi kusan tsohon fagen yaƙi. Tsibiri ta zo nan, Sabon Birni ta tafi can. Maraɗi da Madarunfa da Ɗan Isa nan, Katsina da Jibiya da Ɗankama can. Da Mayaƙi da Ɗan Mari sun kai gaisuwa Sakkwato bayan Gawakuke, da wataƙila yau Ingilishi nike koya wa yaranku. Sakamakon ƙin bin Sarkin Musulmi kuwa shi ne bin kwamandan, da aikin tilas, da harajin kai. Wannan ma a rubuta shi cikin lissafi.

Dalilin da ya sa ban ɗauki tambayar yaron da wasa ba shi ne halin da ake ciki. Dajin nan da yaƙin dā ya bari tsakanin ƙasashen biyu, sauranshi ne Rugu a ƙasar Katsina da Baban Rafi wajen Madarunfa, kuma cikin irin waɗanga dazuzzuka ƴan bindiga sunka samu maɓoya. Daga 2019 dubban mutane daga jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina sunka ƙetaro zuwa jihar Maraɗi, mafi yawa wajen Gidan Rumji. A 2024 ƴan bindiga sunka kama Sarkin Gobir na Gatawa, ƙasar Sabon Birni, ya rasu hannunsu. Namu garuruwan bakin iyaka ma sun ɗanɗana. Cikin wannan zafi na ji samari, har da masu karatu, suna ɗauko kirarin suna cewa yaƙin Yunfa ne ya dawo, kowane Bafillace maƙiyi ne. Wannan karatun tarihi ne na wanda bai kai ƙarshen shafi ba. Ɓarawon da ke sace mutum don kuɗin fansa ba Bello ba ne, ba shi da tuta ba shi da littafi, kuma rugagen Fulani na cikin waɗanda ya fara kwashe wa shanu. Bafillacen da kakanshi ya yi kiwo bayan garinmu, wanda uwayenmu ke ba hatsi su karɓi nono wurin matarshi, bai ci Alƙalawa ba. Su kansu sarakunan da sunka yi yaƙin, jikokinsu na Sakkwato da na Tsibiri da na Maraɗi sun daɗe suna ziyartar juna, suna zuwa naɗi da ta'aziyya.

Shekarar da baƙin sunka fara zuwa, an kawo mani yara uku cikin aji, ba su jin ko kalma guda ta Faransanci. Kakarsu ce ta rako su, tsohuwa doguwa, askarta irin tawa, shida da bakwai. Wani dattijon garinmu na zaune gindin bedi bakin lakkwal, ya gaishe ta, ya yi mata barka da isowa, ya ce: "Inna, daga wace ƙasa?" Ta ce daga Gobir, wajen Sabon Birni, kwana biyu suna tafiya da ƙafa. Ya ce: "To ai ba ki fita ba, nan ma Gobir ce." Tsohuwar ta dube shi sama da ƙasa, ta gyara lulluɓi, ta ce: "Taku ta gudun hijira. Alƙalawa wajenmu take." Ya ce ai ku ne kunka kai gaisuwa Sakkwato. Ta ce ku kuma kunka kai wa Faransa. Sai da na fito na roƙe su su rage murya, yara na karatu. Da yamma na ga jikanshi ya kai mata damin gero da ƴar akuya.